Jigo ɗaya ko gauraye? Zaɓin da ke gaban ƙaramar ƙungiyar mawaƙa a karkara

Da an gama yankan gero aka koma kan cirar gyaɗa da roron wake, ƙungiyoyin mawaƙa na ekklisiyoyin karkara, daga wajajen Sumaila da Tudun Wada da Rogo har zuwa Roni a Jigawa, sukan fara lissafin taron waƙa na ƙarshen shekara. Lokuta biyu ne a gabansu, kuma kusa da juna suke: godiyar kaka da Kirsimeti. Tun kafin a kai ga maganar anko ko man janareta, akwai tambayar da takan raba kan 'yan kwamiti. Wasu su ce a ɗauki jigo ɗaya a ɗora dukan waƙoƙin a kansa daga buɗewa har rufewa. Wasu su ce a'a, a jero waɗanda aka fi iyawa, kowa ya ji daɗi a tashi.

Ƙungiyar da nake nufi ba irin ta manyan majami'un Sabon Gari ba ce, mai mutum saba'in da kayan kiɗa na lantarki. Ta mutum goma sha biyu ce zuwa ashirin da 'yan kai: manoma, malaman firamare, tela, matan aure masu goyo, da 'yan sakandare da ke leƙowa in an yi hutu. Ba mai karɓar ko sisi a cikinsu. A irin wannan ƙungiya kowace murya a fili take, in mutum ɗaya ya kwana da mura har na bencin baya zai sani. Da wannan ƙarancin ya kamata a auna kowace shawara, tun kafin wani ya ciro waya ya nuna abin da ya gani ana yi a Legas.

Ni dai jigo nake goyon baya, amma da sharaɗi ɗaya: a ciro shi daga waƙoƙin da suka riga suka zauna a bakin ƙungiya. In aka ƙirƙiro jigo daga sama sannan aka shiga farautar waƙoƙin da za su cika shi, gauraye ya fi shi nesa ba kusa ba.

Masu raina gauraye yawanci ba su taɓa riƙe ƙungiya a watan Nuwamba ba. Babbar fa'idarsa ita ce ba ya cin lokacin koyo. Waƙar da aka rera a bikin aure da bazara, da wadda aka kai taron gunduma, da biyu ko uku daga Littafin Waƙoƙi da kowa ya haddace tun yana makarantar Lahadi, duk suna nan, zama ɗaya ya isa a tuno su. Kuma yana jure rashin mutane. In mai ba da waƙa ta huɗu ta haihu ana saura kwana uku, sai a zare waƙar a sa wata, ba wanda zai lura. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, wato zumunci. Kusan kowa yana da waƙar da yake ganin tasa ce, ko shi ya koyo ta a Jos ya kawo, ko ita aka rera ranar jana'izar mahaifinsa. Gauraye yana da wurin kowa, kuma a ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda aka cire wa waƙa yau gobe shi za ka je wa aron garma.

Matsalarsa takan fito bayan minti arba'in. Waƙoƙin da ƙungiya ta fi iyawa yawanci 'yan gida ɗaya ne: saurinsu ɗaya, kiɗansu ɗaya, kuma wuri ɗaya mai kibod yake ɗaukarsu, inda yatsunsa suka saba. Kunne ya gaji, mata su fara hira ƙasa-ƙasa, samari su koma bakin taga. Sannan ba shi da wurin tsayawa. Tunda ba labarin da ake bi, ba dalilin da zai hana a ƙara guda ɗaya, sai taron awa ɗaya da rabi ya kai awa uku, waɗanda suka zo daga rugage da ƙauyukan nesa su sulale don kada dare ya yi musu a hanya, waƙar ƙarshe a rera wa benci. Ƙungiyar ma ba ta ci gaba. Shekara biyar ana juya waƙoƙi goma sha biyar, matasa masu kunne su ga ba sabon abin koyo, su daina zuwa.

In duk da haka gaurayen za a yi, jerin yana da ƙa'ida. Kada masu sauri uku su biyo juna. Waƙar da ta fi wuya a sa ta ta uku ko ta huɗu, lokacin da maƙogwaro ya buɗe amma bai gaji ba. A tsakiya a sa wadda dukan jama'a za su miƙe su rera, 'yan ƙungiya su huta.

Shi kuwa jigo iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba wajen wahala. Akwai mai bin labari, akwai mai bin hoto ɗaya, kamar ruwa ko haske ko hanya.

Mai bin labari yana da tsohon misali da ya jure gwaji. A jajibirin Kirsimeti na 1880, bishop na Truro a Ingila, Edward Benson, ya tsara sujada ta karatu tara daga Littafi Mai Tsarki, kowane karatu waƙa na biye da shi. A wani ginin katako aka yi, domin ba a kammala babbar majami'arsu ba. A 1918 Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauki tsarin, BBC ta fara watsa shi a 1928, daga nan ya bazu duniya. Karatun yakan faro daga Farawa sura 3, faɗuwar mutum, ya bi ta alkawarin da aka yi wa Ibrahim a sura 22, ya shiga Ishaya 9 da 11, sannan Luka 1 da 2, Matta 2, ya ƙare a Yohanna 1. Abubuwa uku a cikinsa sun dace da mu kamar don mu aka yi. Karatun yana ba maƙogwaro hutu tsakanin waƙa da waƙa, wanda ƙaramar ƙungiya ke matuƙar bukata tunda ba ta da wasu da za su karɓe ta. Tsohuwar waƙa takan zama sabuwa saboda wurin da aka ajiye ta: waƙar makiyaya da aka saba ji tun ƙuruciya, in ta biyo bayan karatun Luka 2 kai tsaye, wani kunne dabam ake saurarenta da shi. Sannan masu karatun daga ƙarami ake farawa a hau zuwa babba, yaro ɗan ƙungiya ya buɗe, shugaba ya rufe. Wannan kaɗai ya rage rabin rigimar zumunci, domin dattijon da aka ajiye waƙarsa ana iya ba shi karatu na shida. Su can Kambirij, tun 1983 kusan kowace shekara sukan sa a rubuta musu sabuwar waƙa guda ɗaya. Masu koyon waƙa kusan kullum ke nan, kuma mafi yawan abin da suke rerawa ranar tsohon hannu ne.

Don Ista ma akwai labari a shirye, kalmomi bakwai da Yesu ya faɗa a kan gicciye, waɗanda ke warwatse a Luka 23, Yohanna 19 da Matta 27. Karatun gajeru ne, kuma hakan alheri ne, tunda Ista tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu take faɗowa, tsakiyar zafin bazara, lokacin da zama ƙarƙashin kwano fiye da awa ɗaya azaba ne.

Raunin mai bin labari shi ne ba ya jure giɓi. In waƙar masu hikima ta ƙi zama, ba za a maye ta da kowace waƙa ba, dole mai maganar masu hikima. Yana kuma bukatar masu karatu da suka iya karanta Hausa a fili ba tare da in-ina ba, kuma su ma sai an zauna da su. Babban haɗarinsa kuwa shi ne sharhi. In kowane mai karatu ya ce bari ya ɗan ƙara haske, karatu tara ya zama wa'azi tara. Shugaban mawaƙa, wanda sau da yawa matashi ne, ba zai iya tsayawa gaban fasto ya ce masa ya taƙaita ba. Ta bakin dattijon ekklisiya ake bi, shi ne zai ce, "Baba, yaran nan sun roƙi alfarma, ranar karatu kawai za a yi, wa'azin a bar mana shi sai Lahadi." In an yi wannan da wuri, ban taɓa ganin an ƙi ba.

Mai bin hoto ya fi ruɗi. A takarda yana da kyau, a aikace yakan faɗa ɗaya daga ramuka biyu. Ko jigon ya yi faɗi har ya zama ba jigo ba, irin su "Ƙaunar Allah" ko "Mu Yabe Shi", waɗanda ba waƙar da ba ta shiga ƙarƙashinsu, gauraye ne aka rataya masa kyalle a bango. Ko kuma ya yi ƙunci, a ce jigon bana "Haske", sai a shiga tonon littafi ana cusa duk waƙar da kalmar haske ta gifta a baitinta na uku, ko da sauran maganarta jana'iza ce.

Akwai jigo ɗaya da ya haɗa amfanin biyun, kuma a ganina shi ne mafi dacewa da godiyar kaka a ƙasarmu: a bi shekarar noma kanta, daga sharar gona zuwa rumbu. Hoto ne ɗaya, gona, amma yana tafiya kamar labari, kuma labarin da ba wanda ke zaune a wurin da bai san shi da jikinsa ba.

A buɗe da jiran ruwa. Maza kaɗai, ba kiɗa, waƙar roƙo a hankali, irin zaman wanda ya yi binne yana duban gabas. A karanta Zabura 65 daga aya 9, inda ake maganar shayar da ƙasa da jiƙa kunyoyi. Sai shuka: misalin mai shuka daga Markus 4, 'yan mata da yara su ɗauki waƙar amshi mai sauƙi, a nan ne kacau-kacau zai fara shigowa. Daga nan noma da maimai, ganga ta shigo da irin takun gayya, a karanta misalin alkama da ciyawa a Matta 13, wanda duk manomin da ƙuduji ya taɓa cinye wa dawa zai fahimta ba sai an fassara masa ba.

Sashe na huɗu shi ne zuciyar taron, kuma shi ne wanda tsarin gauraye ba ya taɓa ba wa wuri. Watan Agusta, lokacin marka, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ana auna hatsi da ƙaramin kwano, zazzaɓi yana kwantar da yara. A nan ake sa waƙa mafi nauyi da ƙungiya ta iya, mai murya huɗu, ba kiɗa, bayan Zabura 126 mai maganar masu shuka da hawaye. A gauraye ba mai yarda a sa waƙar baƙin ciki ranar godiya, za a ce ta kashe taro. A nan kuwa tana da hujja. Kuma a kowace shekara akwai waɗanda ke zaune a majami'a da ba su girbe komai ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa, yadda ruwa ya shafe gonaki a kwarin Haɗeja, ya san akwai shekarar da rabin jama'a hannu wofi suke zuwa godiyar kaka. Taron da ya fara da murna ya ƙare da murna bai yi magana da su ba.

Sai girbi. Labarin Rut tana kala a gonar Bo'aza, mata su karɓi fili da tulu da ƙwarya, a sake musu su yi yadda suka saba. A rufe da rumbu: Yusufu da ajiyar shekaru bakwai a Masar, da gargaɗin Luka 12 game da mai arzikin da ya rushe rumbunansa don gina manya. Waƙar ƙarshe Zabura 136, wadda ayoyinta 26 duk amshi ɗaya suke da shi, kamar an rubuta ta don mai ba da waƙa da 'yan amshi. Ƙungiya ta bayar, jama'a su amsa, ana shigowa da damman baiko, wato hatsin da aka kawo wa Allah kyauta, ana jerawa a gaba. Baikon ya zama ɓangaren shirin ke nan, maimakon a tsayar da komai a yi shi.

Wanda ya duba wannan jeri da kyau zai ga kusan duk waƙoƙinsa suna hannu. Roƙo, godiya, jimrewa cikin wahala, dogara ga Allah, ba ƙungiyar da ba ta da su. Wurinsu kawai aka sauya.

To, ko wane tsari aka ɗauka, sai an yanke wace irin waƙa za ta fi yawa, kuma nan ne gardama ta biyu take.

Waƙoƙin murya huɗu, sufurano da alto da tena da bes, wato daga siririyar murya zuwa mafi kauri ta maza, gadon 'yan mishan ne. Ƙungiyar mishan ta SIM ta iso ƙasar nan a 1893, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ECWA, ekklisiyar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma a tsawon wannan zamani an juya waƙoƙin Turawa da yawa zuwa Hausa aka bar musu karinsu na asali. Hanyar koyar da su ma daga Ingila ta zo, wato do-re-mi da ake rubutawa a allo da haruffa, wadda Sarah Glover ta Norwich ta faro, John Curwen ya yaɗa daga shekarun 1840. Amfaninsu a fili yake. Su ne abin da ƙaramar ƙungiya ke iya yi wanda taron jama'a ba zai iya ba. Mutum goma sha shida da muryoyinsu suka haɗu daidai, ba kiɗa, a ɗaki mai bangon ƙasa, suna sa tsigar jiki ta tashi yadda lasifika ba za ta taɓa sawa ba.

Wahalarsu biyu ce. Galibin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar yake tafiya, do, re, mi, so, la. Fa da ti baƙi ne a kunnen wanda ya tashi da waƙar gaɗa da ta daka, shi ya sa alto da tena, waɗanda layinsu ya fi yawan bi ta kan waɗannan biyun, suke zamewa su koma bin sufurano ba tare da sun sani ba. Ta biyu ta fi tsanani. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, karin Turawa kuwa bai san da wannan ba. Na taɓa zama a wani koyon waƙa da yamma, shugaban ya rubuta sabuwar waƙar Kirsimeti a allo, ana ta maimaita layin da ke cewa "garin Baitalami", karin kuma ya ja gaɓar farko. Wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ekklisiya, wadda ba ta karatu, tana gefe tana ɓarar gyaɗa a faranti tana jiran jikarta. Can ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, wane gari ne wannan kuke ta ja, na tuwo?" Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Mama, haka karin yake a littafi." Ta ce, "To littafin ba Bahaushe ba ne." Ya goge layin, ya sauya kalmar zuwa birni, aka ci gaba. Duk sabuwar fassara a fara karanta ta a fili gaban tsofaffi, sannan a rera musu, in kalma ta juye a kunnensu a gyara tun kafin ta zauna a baki.

Waƙoƙin amshi, irin na Zumuntar Mata da na 'yan Sabon Rai masu yawon bishara, ba su da wannan ciwo, domin daga maganar aka ciro karinsu. Yamma ɗaya ta isa a koye su. Kayan kiɗansu na gida ne: tulu da ake bugun bakinsa da guntun katifa, ganga, ƙuge, kacau-kacau. Kuma ana iya ɗinka musu sababbin baitoci su dace da jigo, wanda shi ne babban makamin mai tsara taro a ƙauye. In sashen shuka ba shi da waƙa, malamin firamare da mace ɗaya mai ba da waƙa za su iya haɗa ta a mako guda. Sai dai dukan nauyinsu a wuyan mutum ɗaya yake, in muryar mai bayarwa ta dishe waƙar ta mutu. Ba su kuma san tsayawa ba. Waƙar da aka auna minti huɗu a wurin koyo, in jama'a suka miƙe aka fara liƙi, sai ta kai goma sha biyu. A yi yarjejeniya da mai tulu tun farko kan alamar da za a ba shi.

Wajen ɗora sababbin kalmomi a kan tsohon kari akwai wurin taka-tsantsan. Jama'a ba sa manta kalmomin farko. In aka ari karin waƙar fim, samari na asalin za su riƙa rerawa a zuci suna murmushi. In kuwa karin ya yi kama da kiɗan bori, akwai tsofaffi a cikinmu da suka baro wannan da ƙafarsu, kuma ba za su zauna su saurara ba. Karin daka, na niƙa da na gayya sun fi aminci.

A taron waƙa goma sha biyu, abin da nakan ba da shawara shi ne huɗu masu murya huɗu, biyar na amshi, biyu na dukan jama'a, da ɗaya sabuwa fil wadda ƙungiya ta yi da kanta. In duka na amshi ne, ba abin da ya bambanta ƙungiya da sauran masu sujada. In duka na littafi ne, jama'a sun zama 'yan kallo a majami'arsu.

Kusan kowace shekara sai an sami wanda zai ce a yi "Halleluya" ta Handel, Baturen nan mai tsara waƙoƙi. Ga abin da ya kamata a sani kafin a amsa. Daga babban aikinsa mai suna Messiah take, wanda ya rubuta a 1741 aka fara rerawa a Dablin a watan Afrilun 1742. Ita ce ke rufe kashi na biyu, kalmominta daga Ru'ya ta Yohanna suke, maganar mulki da nasara, don haka ta fi kusa da Ista a kan Kirsimeti. Muryoyi huɗun kowace da lokacin shigarta, suna korar juna, sufurano kuma tana hawa sama ta daɗe a can. Ƙungiya mai bes biyu, cikin hunturu, za ta kashe rabin lokacin koyonta a kan minti huɗu, kuma da Turanci, gaban mutanen da yawancinsu kalma ɗaya za su gane a ciki. In ana sonta da gaske, a fara ta a Janairu a kai ta Ista.

Lissafin lokaci shi ne alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Kirsimeti mako takwas ne. In ana haɗuwa sau biyu a mako, zama goma sha shida ke nan, a cire na ranakun da yankan dawa ko biki ko rasuwa za su cinye. Sabuwar waƙa mai murya huɗu, ga mutanen da da kunne suke koyo, takan ci zama uku ko huɗu kafin ta tsaya. Biyu na ƙarshe kuma na bin shirin ne daga farko zuwa ƙarshe tare da masu karatu. Abin da ya rage bai wuce sababbi uku ba, in an matsa. Jigon da ke bukatar sababbi bakwai ya faɗi tun a takarda, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Waya tana ɗan taimakawa: shugaba ya rera layin kowace murya ya ɗauka, a tura wa juna ta Xender ko WhatsApp, mai alto ta riƙa ji tana tankaɗe. Amma waya ba ta koya wa mutum riƙe layinsa alhali na kusa da shi yana rera wani.

Sai a ƙirga maza, kuma a ƙirga waɗanda za su kasance ranar, ba waɗanda ke cikin rajista ba. Da an kai amfani gida samari ke kama hanyar cirani, wasu Legas da Abuja, wasu nan kusa, Kura da Kadawa, wurin noman rani da ruwan Tiga. Ƙungiyar da ke da bes huɗu a Satumba tana iya wayar gari da ɗaya a Disamba. Wasu sukan dawo ana jibi Kirsimeti, da sabon takalmi amma ba su san waƙa ko ɗaya ba. Wannan ya sa godiyar kaka ta fi Kirsimeti dacewa da shiri mai nauyi, tunda kowa yana gida. In bes bai kai uku tabbatattu ba, a rage masu murya huɗu zuwa biyu, ko a mai da su murya uku, maza duka a layi ɗaya. Hunturu ma yana da nasa haraji: ƙura tana busar da maƙogwaro, don haka a ɗauki waƙoƙin ƙasa kaɗan da yadda aka saba, a ajiye ruwan ɗumi da citta a bayan benci.

Wurin taro yana da bakin magana. Cikin majami'a, in ba ta cika girma ba, a kashe janareta a sassan da ba kiɗa, a ajiye makirfo. Makirfo ɗaya gaban mutum goma sha shida muryar wanda ya fi kusa kawai yake ɗauka, haɗuwar da aka sha wahala a kanta ta tafi a banza. A fili ƙarƙashin bishiya kuwa murya watsewa take, masu murya huɗu ba sa kai wa layi na biyar, sai in ƙungiya ta ba wa bango baya. In dole a fili za a yi, na amshi da ganga su fi yawa, kuma a nan gauraye ya fi samun sauƙi.

Akwai kuma maganar waɗanda aka gayyata. A yawancin ƙauyukanmu gida ɗaya ana samun Kirista da Musulmi, kuma akan kai wa mai gari da maƙwabta goron gayyata. In ana son su zo su zauna har ƙarshe, a sa taron bayan la'asar a tashi kafin magariba. A Disamba rana kan faɗi shida da 'yan mintuna, wato awa ɗaya da rabi ake da ita mai kyau. Jigon gona yana shiga wannan lokaci daidai, kuma baƙo zai bi shi daga farko har ƙarshe, domin shi ma ruwan nan ya jira, shi ma Agustan nan ya gani. Gauraye ba ya iya alkawarin tashi a kan lokaci.

Saboda haka ga yadda zan raba. Ƙungiyar da ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba, ko wadda shugabanta sabo ne, ko wadda ta rage saura mako huɗu ba ta fara ba, ta yi gauraye, ta tsaya a waƙa goma, ta kula da jeri. Wadda ke da waƙoƙi ashirin zuwa talatin a baki, da masu karatu uku ko huɗu, ta rubuta sunayen waƙoƙin duka a allo ta duba abin da suke yawan faɗa, jigon yana ciki. In kashi biyu cikin uku na shirin ya fito daga allon, a ci gaba. Don Kirsimeti da Ista a bi labari, don kaka a bi gona. Jigon hoto zalla, irin su haske ko hanya, a bar shi sai ƙungiya ta sami mai iya yi mata waƙa da kansa.

Saura ƙungiyoyin da ake gayyatowa daga ƙauyukan maƙwabta, waɗanda sukan zo a bayan a-kori-kura da tulunansu da waƙoƙinsu uku-uku. Ba a hana baƙo waƙa, kuma ba za a ce masa ga abin da zai rera ana saura mako ɗaya ba. Ko dai a aika musu jigon tare da takardar gayyata, mako shida kafin ranar, a ba kowace ƙungiya sashe ɗaya da waƙa ɗaya, a ce ku naku girbi ne, ku kuma shuka. Ko kuma a kammala shirin jigon tsaf, a yi addu'a, a sallami masu nisa da baƙin da za su sallar magariba, sannan a kunna janareta a buɗe fili na biyu bayan an ci abinci, kowace ƙungiya ta kawo abin da ta zo da shi.